JAWABI GA MUTANEN PAIKO A KAN RUWAN SHA DA ARZIKIN ƘARƘASHIN ƘASA



An ce in yi muku magana a kan ruwa. To, sai na fara da maganar mai, domin ita ce ke cikin bakin mutane. Kun sha ji a rediyo ana ambaton yankin Bida, inda masana ilmin duwatsu, har da na Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, suka daɗe suna binciken alamun man fetur da iskar gas. Tun da aka kafa na'urar haƙa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022, aka kuma soma wata rijiyar a Obi ta Jihar Nasarawa a 2023, sai kowa ya ce saura mu. Madalla, Allah ya kawo. Amma ku sani garin Paiko bisa ƙaƙƙarfan dutse yake zaune, ba irin wanda mai ke kwanciya cikinsa ba. Idan man ya samu, sai can kudu da mu, wajen ƙasar Nupe. Sai dai maƙwabci in gemunsa ya kama wuta, ka san abin da za ka yi wa naka.

Akwai wata hanyar haƙar mai wadda Turawa ke kira firakin. Sai a haƙa rami mai zurfin gaske, a karkata shi ta gefe, sa'an nan a tura ruwa da yashi da magunguna da ƙarfin inji har dutsen ya tsattsage, man ko iskar ya sami hanyar fita. Rijiya guda takan sha lita miliyan 10, ko fiye. Ku auna da durom mai cin lita 200: durom 50,000 ke nan. Wani sashe na ruwan yakan komo sama da gishiri da dauɗa, ba mai iya sha, ba mai iya ban ruwa da shi. Ba kowace rijiyar mai ake haƙawa ta haka ba, wannan gaskiya ne, don haka tambayar farko da ya kamata a yi wa duk kamfanin da ya zo ita ce: ta wace hanya za ku haƙa, daga ina kuma za ku ɗebi ruwan?

Mutanen In Salah, wani gari a tsakiyar Hamadar Aljeriya, sun yi wannan tambaya a 2015. Ba su da kogi, ba su da tabki, ruwansu duka daga ƙarƙashin ƙasa yake. Maza da mata suka fito suka zauna a dandalin garin wata da watanni. Faransa ta hana wannan hanya da doka tun 2011, Ingila kuwa ta dakatar da ita a 2019 bayan ƙasa ta motsa kusa da Blackpool.

Yanzu bari in dawo gida, ga abin da ya riga ya same mu. Mu namu arzikin zinariya ce, kuma ba sai an jira wani kamfani ba, 'ya'yanmu ne ke haƙa, su ne ke wankewa a kogin Chanchaga da rafukan da muke sha. A 2015, a Shikira cikin Ƙaramar Hukumar Rafi, yara 28 suka rasu saboda gubar dalma. Iyayensu ba mugaye ba ne. Dutsen zinariya suka kawo gida, aka daka, aka niƙa a tsakar gida, ƙurar ta sauka a tukunya da randa da hannun yaro mai rarrafe. Kafin nan, a 2010, irin wannan ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Dalma ba ta da wari, ba ta canja launin ruwa, tafasa ruwan kuwa ba ya fitar da ita. Wanda ya ce muku ruwan garau yake, ai da ido ya duba.

Ba na cewa a hana matasa neman abinci. Wanda doyarsa ba ta yi ba, ko rashin tsaro ya raba shi da gonarsa, ba a cika masa ciki da wa'azi. Abin da nake roƙo shi ne a raba wurin niƙa da gida, a raba wurin wanki da mashaya, kada kuma a bar yaro ko mace mai ciki a wurin.

Doka kuma tana tare da ku, sai dai da yawanmu ba su san ta ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce mai lasisin haƙa ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin, a riƙa sake duba ta duk shekara 5. Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a soma, akan kuma ajiye rahoton a fili kwana 21 na aiki don mai ƙorafi ya rubuta. Dokar Man Fetur ta 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙar mai kashi 3 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya kashe wajen aikinsa a shekarar da ta gabata. Wa ya taɓa zuwa sakatariya ya nemi irin wannan rahoto? Da Turanci mai nauyi ake rubuta shi, kwanakin su wuce shiru, a ce jama'a sun yarda.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga shawarata. Kowace gunduma ta naɗa kwamitin ruwa, a sa mata a ciki, tun da su ke sanin ranar da rijiya ta soma ja baya. A rubuta kowace rijiya da fanfon burtsatse da mashaya a littafi. A nemi ma'aikatar lafiya, ko masana na jami'ar fasaha ta Minna, su auna ruwan yanzu, tun kafin wani ya zo da inji, a ajiye takardar a fadar Hakimi, domin ranar gardama da ita za a kafa hujja. Malaman makaranta kuma su ɗauki nauyin fassara kowane rahoto da Gwari da Hausa, a karanta shi ranar kasuwa kafin kowa ya dangwala yatsa.