Lissafin Da Ba Ya Shiga Littafin Akawu

 

An saba akawu ya tashi ya karanta kuɗin shiga da na fita. Yau, da izininku, wani lissafin daban muka kawo. Da can, ƙarar da ake kawowa ofis ta bashi ce, ko ta kayan da aka riƙe a kan iyaka. Yanzu har surukai na sallama, wai 'yarsu ta yi yaji, mu sa baki a yi biko.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kuma mutanen Wad Madani suka watse a watan Disambar shekarar, Gadarif ta cika da baƙi. Gidan da ake auna kwano biyu ya koma auna biyar, kuɗin haya ya tashi, darajar jine ta faɗi. Ga kakar riɗi a Oktoba da Nuwamba, wadda ba ta jiran kowa. Ɗayanmu sai ya wuni a kasuwar amfanin gona, ya bi mota ta Doka zuwa Galabat, ya yi kwana uku yana jiran takardar tsallakawa Matama. In ya dawo, jikinsa ne a gida, hankalinsa na kan waya, yana duba ko kuɗi sun shigo ta Bankak.

Wanda bai yi barci ba, fushinsa kusa yake. Kwastan ya ɓata mana rai mu haɗiye, dillali ya cuce mu mu yi murmushi, sai mu sauke duka a kan wadda ta kawo mana ruwan wanka. Ita kuma ta wuni tana dafa wa baƙi goma, ba ta ji ko sannu ba. Ba ta san an yi asara ba, tunda ba mu faɗa mata. Sai ta ɗauka shirun namu ƙiyayya ce, ko wata muke nema. Iyaye mata masu fatauci ma haka suke komawa gida a gajiye.

Shawara uku muke roƙon taro ya karɓa. Na ɗaya, tafiyar Galabat a riƙa yin ta karɓa-karɓa, kada mutum ɗaya ya jera sawu uku. Na biyu, bayan sallar isha'i a daina kiran juna kan ciniki, sai in gaggawa ce. Na uku, wanda barci ya ƙaurace masa, ko ciwon kai da bugun zuciya suka dame shi, ya je a auna jininsa, ya rage shayi da jabana, kuma ya gaya wa iyalinsa halin da ake ciki.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Buhun riɗin da ya jiƙe, baɗi a mayar da shi. Igiyar aure in ta tsinke, ba asusun ƙungiya da zai ɗaura ta.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya zaunar da gidajenmu.