Ina Sauran RAM Ɗin Ya Shiga?

Sau da yawa mai kwamfuta yakan saka RAM na gigabait 8, Windows ta nuna masa ƙasa da haka, nan take ya zargi mai shago da cuta. Wannan zargi yakan yi gaggawa. Kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, wadda Intel ko AMD suka haɗa aikin hoto cikin furosesa, takan ware wani kaso na RAM domin allo tun kafin Windows ta tashi. Wani dalili kuma shi ne Windows mai bit 32, wadda adireshinta bai wuce gigabait 4 ba, kuma a cikinsu ma sauran na'urori na da rabonsu, shi ya sa ake ganin 3 da 'yan kai.

Wani zai ce ai akwai macuta a kasuwa. Akwai su, babu shakka. Amma a shiga BIOS a duba tukuna. In ya nuna 8, kayan na nan, kuma mai bit 32 sai ya koma Windows mai bit 64.