Baƙin Hunturu a Fadamar Haɗeja: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya

 

Da Sakatare ya ji cewa zan yi magana a kan kallon tsuntsaye, dariya ya yi, ya ce mu da muka tashi da danƙo a aljihu, wane kallo ya rage? Gaskiyarsa. A wurinmu tsuntsu ko dai nama ne, ko kuma ɓarawon gero. To, amma ku ba ni minti kaɗan.

Fadamar da kogin Haɗeja da na Jama'are ke malalewa cikinta, daga nan har Nguru da Gashuwa, tana cikin manyan masaukan tsuntsayen ruwa a Afirka ta Yamma. Kirinjijiya da ɗinya da balbela 'yan gida ne. Shamuwa kuwa da damina take zuwa mana, rani ya yi ta nufi kudancin Afirka. Baƙin da nake nufi su ne masu tsere wa sanyin Turai da Rasha, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a nan wajen watan Oktoba, su juya a Maris. Akwai wata 'yar agwagwa a cikinsu, namijin yana da farin zane a saman ido kamar an shafa masa alli. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, amma ta yi tafiyar da yawancinmu nan ba mu taɓa yi ba ko a jirgin sama.

Waɗansu sun riga mu sanin darajar abin. A 1987 aka fara shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru. A 1989 marigayi Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya tako har Dagona don ya ga tsuntsayen nan. An sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a 2000, Baturiya ta ƙaramar hukumar Kirikasamma ta biyo baya a 2008.

Ga inda maganar ta shafi tuwonmu. Tsuntsun ruwa ba ya sauka sai inda ambaliya ta kwanta ta bar kifi da ciyawa, wato daidai wurin da masunci da mai shinkafa da makiyayi ke nema. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan ya sauya hali. Ambaliyar damina ta ragu, sannan ana sako ruwa da rani, abin da ya ba kachalla damar cika hanyoyin ruwa. Wani gari ya nutse, na gaba da shi ya bushe. Kachallar nan kuma ita ce makwancin jan-baki, wanda duk manomi a ɗakin nan ya san aikinsa. Saboda haka mai ƙidayar agwagi a watan Janairu, kamar yadda ake yi kowace shekara a ƙasashe da yawa, lafiyar koginmu yake aunawa. Ni ma'aikacin ofis ne, na ga rahotanni da dama, amma wanda tsuntsu ya kawo ba a yi masa kwaskwarima.

Roƙona ga ƙungiya guda ɗaya ne. Cikin kuɗin gudummawar bana a sayi madubin hangen nesa ko da guda biyar ne, da littafin hotunan tsuntsaye, a damƙa wa malamin kimiyyar halittu. In Janairu ya zo, a ɗauki 'yan aji huɗu zuwa Baturiya da asuba, kafin iskar hunturu ta taso. Su rubuta abin da suka gani, su kuma tambayi tsofaffin masunta sunayen tsuntsayen da Hausa, don da yawa ba a rubuce suke ba. Man mota na tafiyar farko a kaina.