Siririn Gashi Lallashi Yake So

Yau maganarmu a kan siririn gashi ce, wanda ba ya cika kai. Ra'ayina shi ne a daina wahalar da shi. Da adadin saiwar gashinsa ake haihuwar kowa, babu man da ke ƙara ko guda. Abin da ya rage mana shi ne kare wanda muke da shi. Matsattsen kitso yana jan saiwa, shi ya sa gashin goshi ke fara zubewa. Mai mai nauyi kuma kwantar da siririn gashi yake yi, sai ya ƙara ƙanƙancewa a ido.

Wata za ta ce, ai ƙarin gashi yana cika kai nan take. Gaskiya ne, amma nauyinsa a kan wa? A kan saiwar nan mai rauni. Wata kuma ta ce gado ne. Sau da yawa haka ne, amma zubewar da ta zo kwatsam kan iya zama alamar ƙarancin jini. Saboda haka 'yar'uwa, sassauta kitso, rage mai. Idan zubewar ta ci gaba, je asibiti a duba jininki. A huta lafiya.