MANYAN BIRANE DA CUNKOSON JAMA'A: JAWABIN DA AKA YI A TARON ƘUNGIYA

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Ƴan'uwa da suka dawo daga bida, sannunku da hanya.

Kowace shekara in ƴan cin rani suka dawo, sai an tada gardama a kan garin da ya fi jama'a. Masu zuwa Ikko su ce nasu, masu zuwa Abijan su ce nasu. Shi ya sa muka kawo muku abin da masu ƙidaya suka rubuta.

Mu fara da gida. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su kai 400,000 ba. A ta 2012 sun haura miliyan 1. Maraɗi a shekarar tana da wajen 267,000. Abijan kuwa, a ƙidayar 2021, ta wuce miliyan 5 da rabi, wato Yamai ta 2012 har biyar a wuri guda. Ikko ce mai rikici. A 2006 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ce miliyan 9 ne a jihar, ita kuwa jihar ta ce sam, sun fi miliyan 17. To in manya ba su daidaita ba, kada mu ga laifin yaranmu.

Can nesa abin ya fi haka. A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018, Tokiyo ta ƙasar Japan ce kan gaba da miliyan 37. A na 2025 sai ga Jakarta ta Indunusiya da kusan miliyan 42, Daka ta Bangaladesh na bi mata, Tokiyo ta koma ta uku da miliyan 33. Jakarta kaɗai ta fi Nijar duka jama'a. Kada ku ce annoba ta faɗa wa Tokiyo. Igiyar awo aka canza. Kamar a ce za a ƙidaya mutanen garinmu: a tsaya a gidan ƙarshe, ko a haɗa da tungaye da rugagen da ke cin kasuwarmu? Haka Paris take: cikin gari miliyan 2 da ƴan kai, in an haɗa da kewaye wajen miliyan 12. Saboda haka duk wanda ya faɗa muku yawan mutanen wani birni, ku tambaye shi inda ya kafa iyaka.

Amfanin taron jama'a ba ɓoyayye ba ne, shi ke kai mu can. Inda mutane suka yi yawa komi sana'a ne. Mai shayi, mai tsire, ɗan garuwa, mai yankan farce, mai gadi, kowa na samun na tuwo har ya aiko gida. A nan wa zai biya ka don ka yanke masa farce? Ga asibiti kusa, ga lakwal. Bututun ruwa ɗaya sai ya shayar da unguwa guda, mu kuwa sai mun haƙa rijiya gaba da yawa don gidaje kaɗan. Buhunan hatsi nawa kuɗin bida suka saya mana a shekarun fari, dattawa sun fi mu sani.

Amma ku da kuka kwana a can kun san sauran. Kuɗin haya ya sa samari su cika ɗaki ɗaya, wasu su kwana a bakin kanti. In tari ya kama ɗaya, sai ya zagaya kowa. Mutum ya fito da asuba ya ɓata awoyi cikin mota kafin ya kai wurin aiki. Baƙo kuma ba ya samun fili sai inda masu gari suka ƙi, wato bakin kwata ko gangaren ruwa. Da kogin Kwara ya cika a 2020, unguwannin bakin ruwa na Yamai ne suka sha wuya. A 2024 an rushe unguwannin talakawa a Abijan, irin su Boribana. A 2022 an hana kabu-kabu a sassa da dama na Ikko, matasa da yawa suka wayi gari ba sana'a.

A ganinmu, yawan jama'a shi kaɗai ba shi ne cutar ba. Ku dubi Paris ɗin nan. A kowane fili mai kilomita 1 tsawo da faɗi akwai mutum wajen 20,000, gida bisa gida. A 1832 kwalara ta kashe mutum wajen 18,000 a garin. Daga baya hukuma ta haƙa manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, ta jawo ruwa mai tsabta daga nesa. Jama'a ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, amma cutar ta kau. Tokiyo ma jiragen ƙasa ke kwasar miliyoyinta safe da yamma. Namu biranen mutane ne suka riga famfo da kwata isa, hukuma na biye a baya tana haki. Yamai ta yi shekara 40 da gada ɗaya tak, daga 1970 har aka buɗe ta biyu a 2011.

Ga roƙonmu ga waɗanda suka dawo. In ƙannenku sun tambaye ku labarin birni, kada ku tsaya ga dogayen benaye da fitilu. Ku faɗa musu ku nawa ne a ɗaki, nawa ake sayen jarkar ruwa, ina ake zagayawa, kuma wa ke tsaya wa mutum in ya kwanta ciwo. Iyaye kuma, kafin ku sallami yaro bayan girbi, a san mai masaukinsa. Magatakarda zai zauna bayan la'asar ya rubuta sunan duk mai niyyar tafiya bana, da garin da ya nufa, da wanda zai sauka wurinsa.