Kullum Shiri: Hausa a taken sojan Ghana

Yau za mu leƙa tambarin soja ne.

Ko kun san cewa taken rundunar sojan ƙasa ta Ghana Regiment da Hausa yake? Kullum Shiri, haka yake har gobe. Dalili kuwa, a 1879 da dakarun Hausawa Turawan Ingila suka kafa tushenta. A 1901 ta shiga rundunar Afirka ta Yamma, mai tambarin bishiyar kwakwa, tare da sojan Najeriya, Saliyo da Gambiya.

To, da aka tafi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin nan sun shiga manyan runduna biyu. Ta 81 ta ɗauki baƙin gizo-gizo, wato Anansi na tatsuniyoyin Asante, ɗan'uwan Gizonmu mijin Ƙoƙi, mai cin ƙarfi da wayo. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. E, gammon da kuka sani na ɗaukar kaya! A dazuzzukan Bama da tsaunukanta mota ba ta shiga, sai 'yan dako su ɗauko harsashi da abinci a ka. Shi ya sa gammonsu ya samu wuri tare da mashi.

Saboda haka idan akwai tsohon bajo na kaka a cikin adaka a gidanku, don Allah kada ku yar. Ku tambayi dattawa tun suna nan, ku rubuta sunan mai shi.

Mu kwana nan.