Takardun Gado: Tarihin Talaka



Batunmu na yau takardun gado ne, kuma za mu ɗauko misali daga nesa: gundumar Eseks, cikin jihar Masacuset ta ƙasar Amurka. A 1626 Turawan Ingila suka sauka can, bisa ƙasar mutanen Nomkeg, suka kafa garin Salem. A 1643 hukuma ta yanka gundumar.

Ga yadda suke yi a wancan zamani. In mutum ya rasu, sai maƙwabta biyu ko uku su zaga gidansa, su rubuta duk abin da ya bari da kimarsa: shanu, gona, gatari, tukunya, bargo, har bashin da ake bin sa. Sannan a kai takardar gaban alƙali, a yi rantsuwa, a ajiye. Waɗanda suka tsira, na 1635 zuwa 1681, an buga su cikin littafi uku tsakanin 1916 da 1920.

Ina amfaninsu? Sunan gwamna ba ya ɓata, amma manomi ba shi da maroƙi. Sau da yawa takardar nan ce kaɗai shaidar zamansa duniya, da ta magadansa.

Mu ma muna da irinsu: takardun rabon gado na alƙalai da malamai, da Larabci ko ajami, cikin gafaka da akwati. Gara na ci, damina na jiƙawa, ranar rikicin gona kuwa sai a rasa shaida. Mu kawo su lakwal a kwafe, kowa ya koma da tasa.

Allah shi taimake mu.